Sukarin Suruki

"Wa ya ci?"

Mijina ne, Malam Sama'ilu, ya jefo tambayar daga cikin ɗaki. Muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda na fi jin tsoro a kan tsawa.

Ina tsaye a tsakar gida riƙe da langar da Ya Kaka ta dawo mini da ita. Ya Kaka yayar mahaifina ce, Allah kuwa ya ba ta bakin da ba ya jiran a tambaye shi. Ba ta san maigidan ya taso daga ofis yana ɗaki yana cin abinci ba, shi ya sa tun daga zaure ta fara shela:

"Amna, yau dambunki ya sha yabo! Malam Halliru ya tarar da babanki yana ci, ya sa hannu. Ya ce wallahi hannunki na nan yadda ya san shi!"

Da ta ji muryar suruki sai ta ja mayafi ta rufe baki, wai ta tuna ta bar miya a kan wuta. Ta fice abinta ta bar ni da jangwam.

Na ɗaga asabari na shiga. Ya riga ya tsame hannu daga kwano.

"Tambayarki nake yi. Wa ya ci?"

"Ai ka ji da kunnenka, Malam."

"Daga bakinki nake son ji."

"Malamin asibiti ne, ya je duba Baba..."

"Malamin asibiti! Ba shi da suna ne?"

"Halliru."

"Yauwa, Halliru! Kin ji yadda ya zauna daram a bakinki?" Ya yi wani murmushi da ba shi da alaƙa da farin ciki. "Wai yadda ya san shi. Yaushe ya san hannun naki?"

"Haba Malam! Mutumin da ya yi ta zarya gidanmu, a ce ko sau ɗaya ba a ba shi abinci ba?"

"Au, kina ma tuna zaryar?"

"Kai ka tono ta!"

Ya ture kwanon har murfin ya gangara ƙarƙashin gado.

"To ki ji da kyau. Daga yau na daina cin girkin Halliru a gidana."

"Girkina ne, ba na Halliru ba."

"Hannunki ne, amma bakinsa ne!"

Ya zari hularsa ya fita. Ina jin babur ɗinsa yana kururuwa har ya sha kwanar masallaci.

Gaskiya ne Halliru ya nemi aurena. Duk unguwarmu a Kazaure an san da haka, kamar yadda aka san ni da bakina na ce ba shi nake so ba. Wani siririn Bafillace na gani daga Roni, akawu a ofishin gona, wanda ya zo sayen turare rumfar Baba ranar da na kai abinci. Ya biya kuɗi, ya tsaya kallona, ya tafi ya bar turaren. Tun daga ranar zuciyata ta bi shi, kuma har yau ba ta dawo ba.

Bayan aurenmu ne mahaifina, Baba Kura, ya fara ramewa. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, buta ba ta hutawa. Da ni da Ya Kaka muka kai shi ɗakin shan magani, sai ga Halliru cikin farar riga. Ban zaɓe shi ba, shi kaɗai ne malamin da ke wurin.

"Ciwon sukari ne," in ji shi, idonsa na kan Ya Kaka, bai ko kalle ni ba. "Magani ba zai yi komai ba in tukunya ba ta gyaru ba. Ba sukari, ba zuma. A rage tuwo da mai, a ƙara ganye da wake. Kada ya zauna da yunwa, kada kuma ya cika ciki. Sannan kada a tashi da safe a ce masa yau me za a dafa, don abin da zai kwantar da shi zai zaɓa. A tsara na mako gaba ɗaya tun ran kasuwa."

Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama. Ya Kaka kuwa in man shanu bai yi iyo a kan miya ba, ba ta ɗauka ta yi girki ba. Aiki ya dawo kaina, tunda gidan Baba a bayan masallacin unguwarmu yake.

Ban yi boko ba, amma ina da jere. Na hau kujera na sauko da langa bakwai daga cikin kayan ɗakina, masu jan fure, waɗanda ko ruwa ba a taɓa zuba musu ba. Matan makwabta suka riƙe baki. Wai wace irin amarya ce za ta rushe jerenta don ta zuba wake?

Ran kasuwa da yamma zan baje tabarma in auna wa kowace rana rabonta a langarta. Ta Asabar wake da ɗan ƙullin busasshen kifi. Ta Lahadi tsakin dawa na dambu, zogale kuwa sai in tsinko a bayan ɗaki. Akwai ranar kwaɗon rama, akwai ranar ɗanwake da kuka, akwai ranar tuwon dawa ɗan malmala ɗaya da miyar kuɓewa mai yawa. Ta Juma'a ita Baba ya fi ɗoki, burabusko irin namu na Barebari, sai dai man ɗan cokali ne, ba ludayi ba. Man gyaɗa ma kwalba ɗaya na ware, na ɗaura mata zare don alama, in bai kai mako ba to na san na yi ɓarna.

Da safe in na ɗauki langar ranar, magana ta ƙare. Ba ni da tunanin me zan ɗora, Baba ba shi da damar roƙo.

Allah ya sa aka dace. Kafin damina ta wuce ya koma rumfarsa yana tsokanar Fulanin da ke kawo nono. Tukunya ɗaya nake ɗorawa, saboda haka Malam ma abin da yake ci ke nan, kuma da farko har santi yake yi.

"Amnata, 'yar Barebari," haka yake cewa, "tunda kika fara wannan tsarin na daina gyangyaɗi a ofis."

Abu biyu ne suka ɓata mana. Na farko bakin Ya Kaka. Duk zuwan da za ta yi ɗaukar abinci sai ta sauke mana saƙo: Malam Halliru ya ce a rage gishiri, Malam Halliru ya ce a ƙara yakuwa. Sunan ya bi ya cika gidan kamar hayaƙin ɗanyen itace.

Na biyu kuɗin Udoji. A shekarar ne aka biya ma'aikatan gwamnati wannan ƙarin albashi, gari ya rikice da babura da rediyo. Gidan kowane akawu shinkafa da jar miya, mai yana kwance a sama, ga burodi ga madarar gwangwani. Shi kuwa nawa, ga sabon babur ga aljihu ya yi nauyi, in ya dawo gida a tare shi da kwaɗon rama. Abokansa suka sa shi gaba, wai akawu mai cin ganye kamar akuya.

Bayan rigimar dambu ya cika alkawarinsa. In na ajiye kwano, yadda na rufe shi haka zan ɗauke shi.

Ban damu ba sai da wata makwabciya ta leƙo ta katanga, fuskarta cike da tausayin ƙarya.

"Amna, lafiya kuwa? An ce kullum maigidanki yana rumfar Tasalla mai tuwo a bakin tasha."

Tasalla! Bazawara ce, doguwa, mai wushirya, wadda direbobi ke barin gidajensu su zo cin shinkafarta. Ranar na daka barkono har sai da taɓaryar ta yi zafi a hannuna.

Da ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Sannu da zuwa, mijin Tasalla."

"Au, ke ma kin san zafin abin?"

"Me ta fi ni? Man da take malalawa ko haƙoran da take washe wa direbobi?"

"Ita dai ba ta tambayar wani ƙato kafin ta sa gishiri."

"Ubana nake jinya, Malam! Ubana!"

"Jinya? Yunwa kuke kashe tsohon nan da ita!" Ya nuna ni da yatsa. "Kin ga wuyansa kuwa? Mutumin da ya yi fatauci har Damagaram, yau ko shayi mai daɗi an hana shi. Shi wancan ya ƙirƙiro ciwo ne don ya samu ƙofar shiga gidanku, ya ci girkinki, ya aiko miki da saƙo. Ni ba yaro ba ne!"

"Ka ji tsoron Allah..."

"Ina jin tsoronsa. Abinci ki ci gaba da aikawa, ban hana ba. Amma ƙafarki kada ta sake taka gidan nan sai tare da ni."

"Gidan ubana?"

"Na gama magana."

Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ina son mutumin nan kamar raina, kuma a ranar da zan samu dama da na shaƙe shi.

Haka na zauna. Ran kasuwa in auna, da safe in dafa, Ya Kaka ta zo ta ɗauka. Duk sanda na ce ya raka ni in gaida Baba sai ya ce aiki ya yi yawa, sai wani makon.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, sai ya dawo da fara'arsa. Ba ya shigowa sai bayan la'asar, yana 'yar waƙarsa a hanci, har ya ja mini kunne ya ce, "'Yar Barebari, har yanzu fushi ake?" Na ɗauki rigarsa zan wanke, na shinshina, sai ƙamshin turaren wuta. Na san shi sarai, irin wanda Baba ke sayar wa rabin matan garin nan ne. Na ce lallai Tasalla, wato da turaren ubana za ki kama mini miji! Rigar nan ta sha bugu a kan dutse har maɓallinta ya fashe.

Ina can ina fama da Tasalla a zuciyata, langa ta fara dawowa da saura. Yau rabi, gobe an ɗan taɓa gefe. Ran Juma'a burabusko ya dawo ko yatsa ba a sa masa ba.

"Ya Kaka, me ya samu Baba?"

"Zafi ne, ya hana shi ci."

"Me malamin asibiti ya ce?"

"Bai ce komai ba."

Ta sunkuyar da kai ta fita da sauri. Matar da tunda nake ban taɓa ganin bakinta a rufe ba.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, sai ga ta ta faɗo gidan ba mayafi, ba takalmi.

"Amna! Babanki... ina ta kira ba ya amsawa!"

Ban tuna da wata doka ba. Na wancakalar da rariya na bi ta a guje.

Yana kwance a kan tabarma, leɓɓansa sun bushe sun tsage, numfashi yake ja da ƙyar. Ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, ɗakin kuwa wani wari yake da turare ya kasa dannewa. Na kwance tsumman. Babban yatsan ya yi baƙi ƙirin, ƙafar ta kumbura har idon sawu.

"Innalillahi! Yaushe wannan?"

"Tuntuɓe ne ya yi a bakin rumfa, ɗan ƙanƙani. Ya ƙi warkewa..."

Na durƙusa zan jawo matashi daga ƙarƙashin gado, hannuna ya ci karo da kwali. Na jawo. Kwalayen sukari ne, wasu an shanye wasu ba a fasa ba. Ga gwangwanayen madara a huje, ga kwalbar zuma saura kaɗan.

"Wa ya kawo wannan?"

Ya Kaka ta juya mini baya.

"Ya Kaka, wa ya kawo wa ubana wannan?"

Ta fashe da kuka.

"Mijinki ne. Kullum in ya taso ofis sai ya biyo, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure ya ajiye. Ya ce gaisuwa ce, a yi wa Baba shayi ya maida jikinsa."

"Kuka karɓa? Me ya hana ku mayar masa?"

"A mayar wa suruki da gaisuwarsa? Ke ma kin san ba a yi!"

"To ku ɓoye mana! Ku ba makwabta!"

"Na faɗa masa haka. Amma kullum yaron sai ya tambaya, Baba an sha kuwa? Kin san babanki ba ya ƙarya. Sai ya sha don ya samu bakin cewa ya sha." Ta share hanci da gefen zane. "Ya ce in ya ƙi, yaron zai ce an ɗauki maganar Halliru an bar kyautarsa, ke za ki kwana a ciki. Shi ma Halliru babanki ne ya ce ya daina zuwa. Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe ba rumfar Tasalla rigar take kwaso ƙamshi ba, a zauren ubana ne.

Wani makwabci ya hau keke ya sanar da mijina a ofis. Ya shigo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya kalli ƙafar, ya kalli kwalayen da na baje a tsakar ɗaki.

"Amna... wallahi ni gani na yi ya rame..."

"Je ka ɗauko shi."

"Wa?"

"Ka san sunansa, ka fi ni yawan faɗarsa. Je ka ɗauko shi, Sama'ilu!"

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Ya juya da gudu.

Ba a jima ba na ji ƙarar babur. Ta ƙofar zaure na hango su, mijina a gaba, Halliru a baya ya rungume jakarsa da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe kafaɗar Malam. Halliru ya duba ido, ya duba ƙafa, ya miƙe.

"Wannan ya fi ƙarfina. Kano, yanzu-yanzu. A samo mota."

Bai tambayi wanda ya kawo sukarin ba. Ya gani, ya kau da kai, kuma na san wannan kau da kan ya fi yi wa Malam ciwo a kan zagi.

A babban asibiti a Kano suka ceto ransa, amma ba su ceto yatsan ba. Sun yanke shi har da na kusa da shi. Ni ke zaune a gefen gado, Malam kuwa ya tare a barandar asibiti, ya ƙi komawa aiki, shi ne sayen magani shi ne ɗebo ruwa. Ko kallo bai ishe ni ba.

Wata rana da azahar ina wanke kwanuka a bakin famfo, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari.

"Amna, ki zage ni mana. Shirun nan zai kashe ni."

Na ci gaba da cuɗa kwano.

"Ban taɓa zarginki ba, Allah shi ne shaida. Abin da ya ci ni... kullum shi ne mai amfani. Shi ya gano ciwon, shi ya faɗi magani, shi ake ambata a gidana safe da yamma. Ni fa? Ni da kika zaɓa, me na tsinana wa Baba? Sai na ce bari in kai masa abin da wancan ba zai iya saya ba, ko sau ɗaya a ce Sama'ilu ya kawo..."

Ya dafe goshi da hannu.

"Ka kawo kuwa," na ce. "Ga shi can an naɗe da bandeji."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Zuciyata ta yi rauni, amma bakina bai yi ba.

"Tasalla fa?"

"Wace Tasalla? Na je 'yan kwanaki don ki ji haushi, man ya hana ni sakat da ƙwarnafi. Tun daga nan rogo da ƙuli nake ci a ofis."

Wani sanyi ya ratsa ni, na ji haushin kaina da na ji shi a irin wannan wuri.

"Ki yafe mini, hasken idona."

"Ba ni ka yanke wa yatsu ba. Kuma ka sani, in mun koma gidan Baba zan zauna. Ranar da ya tashi, ka zo mu yi magana. In bai tashi ba..."

Ban ƙarasa ba, shi ma bai tambaya ba.

Muka dawo Kazaure, na sa aka kwaso mini langunana zuwa gidan Baba. Likita ya ce ciwon zai rufe in yana cin abin da ya dace a kan lokaci. In ba haka ba, za su sake yanka, kuma wannan karon sama za su hau.

Sai Baba ya ƙi ci.

Na yi dambu, ya juya wa bango fuska. Na yi kwaɗo, ya ce ya ƙoshi. Na karya tsarina na yi masa burabusko ba ranarsa ba, ya ce in ba Ya Kaka. Ruwa kawai yake kurɓa, idanunsa na ƙara zurmawa. Malam kullum yana zaure tun safe, ba ya shigowa, ba ya tafiya.

Ran nan da rana na durƙusa a gabansa da tuwon dawa da miyar kuɓewa, na riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah, don Annabi, ko loma ɗaya..."

"Na gaji, 'yata."

"Za su yanke ƙafar, Baba!"

"Su yanke." Ya buɗe ido ya dube ni. "In ci don me? In na ci naki, na ɓata wa mijinki. Na sha nasa, na ɓata miki. Ga shi kin baro ɗakinki kin zo kin tare a kaina, yaron mutane yana zaure kamar maraya. Ni ne a tsakaninku, Amna. In na kauce sai ku zauna lafiya."

"Baba, kada ka faɗi haka!"

"Ɗauke abincin nan."

Na kifa kai a gefen katifarsa ina kuka. Sai na ji an yi sallama a bakin ƙofa.

Malam ne. Ashe duk yana ji. Ya shigo a durƙushe, kansa a ƙasa, ya jawo buta ya wanke hannunsa na dama. Ya matso gaban langar ya buɗe murfin.

Ya Kaka ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Yaro, me za ka yi?"

A garinmu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ko ruwa ne sai ya juya baya, balle Bafillace, wanda zai gwammace ya faɗi don yunwa da a ga bakinsa na motsi a gidan surukai. In labari ya kai Roni, har jikokinsa sai an yi wa gori.

Ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya, ya ce bismillah, ya kai baki. Gumi na tsatstsafo masa a goshi. Ya haɗiye da ƙyar.

Baba ya yunƙura ya tashi zaune.

"Kai! A gabana?"

"A gabanka, Baba." Bai ɗago ba. "Yau da gobe da jibi, in Allah ya yarda. Abin da aka auna maka shi aka auna mini. Ka yi loma in yi loma. In ka tsaya na tsaya, in ka kwana da yunwa na kwana da ita."

"Ba ka da kunya ne, ɗan nan?"

"Ina da ita, Baba, ita ce take neman kashe ni yanzu haka. Amma kunyata ka ji ka sha abin da ya cuce ka. Gara tawa ta zube da a sake taɓa ƙafarka."

Ya ajiye hannunsa a bakin langar, ya jira.

Baba ya daɗe yana kallon wannan kai da ke sunkuye a gabansa.

"Amna."

"Na'am, Baba."

"Miƙo mini butar nan, kafin mijinki ya cinye mini kuɓewa."

Na zuba masa ruwa har na jiƙa tabarma. Na ja Ya Kaka muka fita tsakar gida don kada mu ƙara wa Malam nauyi. Na jingina da bango ina jin motsin hannu biyu a cikin langa ɗaya, na toshe bakina da mayafi don kada su ji kukana.

Da aka kira la'asar na naɗe tabarmata, na ce wa Ya Kaka zan koma ɗakina. Na tarar da shi a zaure yana sa takalmi, idanunsa jajir. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Amnata... kin yafe?"

Na gyara mayafina na wuce gabansa, sai da na kai bakin ƙofa na waiwayo.

"Gobe faten wake ne, Malam. Ka taso da wuri, Baba ba ya son jira."